Allurar rage ƙiba, tiyata, ƙwaya, shayin tumbi ko gyara cin abinci: wanne za ka ɗauka a Legas?

Satin da ya wuce bayan isha'i Kawuna ya kira ni, yace "ɗana zo ka duba min wani abu a waya". Dillalin shanu ne a Abbatuwa ta Oko-Oba nan Agege, shekararsa 54, tsawonsa mita 1.72, sikeli kuma yace kilo 112. Abu uku ya nuna min. Hoton alƙalamin allurar Ozempic, allurar nan mai siffar alƙalami da ake yi sati-sati don suga ko rage ƙiba, da wani abokinsa ya turo masa, sai tallan wani shayi a WhatsApp wai kwana 14 tumbi ya zube, sai kuma maganar da likita ya taɓa yi masa ta tiyatar rage ciki. Yace "wanne zan yi, gwiwata ta hana ni sujada yadda ya kamata". Toh abin da na zauna na haɗa masa ne nake so na baje a nan, don na san a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago masu wannan tambayar suna da yawa, maza da mata.

Kawu bai fara ɗaukar ƙiba a matsayin ciwo ba sai lokacin korona. Da can in ance masa "Alhaji ka yi jiki" dariya yake, alamar kasuwa na tafiya kenan. A nan Legas aka fara samun cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu 2020, a jikin wani ɗan Italiya, shi kuma Kawu ta kama shi a 2021, ya yi kwanaki da robar iska a hanci alhali yaransa sirara da suka kamu tari kawai suka yi suka miƙe. Kuma ba tsautsayi bane kawai, wani nazari da aka fitar a 2020 wanda ya tattara bincike da dama ya nuna mai ƙiba in ya kamu da korona, yiwuwar a kwantar da shi a asibiti ta ninka fiye da sau biyu, ta mutuwa kuma ta ƙaru da kashi 48 cikin 100. Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa, ga suga da hawan jini da suke tafiya tare da shi.

Kafin komai ka san inda kake. Ka raba nauyinka a kilo da tsawonka a mita sau tsawonka, abin da ya fito shi ne ma'auninka na ƙiba, na Kawu 112 a raba da 1.72 sau 1.72 ya bada kusan 38. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. In lissafi na baka ciwon kai, yanko igiya daidai tsawonka, ninka ta biyu, ka zagaya cikinka saitin cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba akwai aiki. Na Kawu saura kusan taƙi guda su haɗu, matarsa na gefe tana dariya.

Ma'aunan da na ɗora kowanne a kai

Na farko kuma mafi girma a wurina, an gwada abin a kan mutane da yawa an kuma buga sakamakon? Korona ta koya mana wannan. An yi ta surutu kan kulorokwin, amma da aka yi gwaji na gaske a Ingila sai ga shi deksametason, tsohon magani mai arha, shi ne ya rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, a watan Yuni 2020 aka sanar. Rigakafin Pfizer ma sai da aka gwada a kan mutum sama da 40,000. Na san mutanenmu suna da dalilin ɗar-ɗar da kamfanonin magani, wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin Trovan kan yara masu sanƙarau ba zai ga laifinsu ba. Amma ɗar-ɗar ɗin ai kamata yayi ta sa ka ƙara tambayar hujja, ba wai ka guji abin da aka gwada a fili ka rungumi wanda ba a ma san me ke cikinsa ba.

Sauran ma'aunan: kilo nawa yake ragewa, me zai faru ranar da ka daina, kuɗinsa na shekara ba na wata ɗaya ba, wahalarsa a rayuwar Legas mai gosulo da ɗauke wuta, sai haɗarinsa.

Gyara ci da motsa jiki

Kowa ya raina wannan saboda kyauta ne kuma ba ya da alƙalami mai kyalli. Amma yana da hujja mai ƙarfi. A Amurka an yi gwaji kan mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiya ta minti 150 a sati, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 fa, wato rabin awa sau biyar a sati. A Birtaniya kuma wani gwaji mai suna DiRECT ya sa masu ciwon suga a kan abinci ɗan kaɗan na wasu watanni ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, bayan shekara kusan rabinsu sugan ya dawo daidai ba tare da magani ba.

Matsalar ita ce Legas ba ta barin mutum. Ka fita kafin asuba ta waye, ka karya da burodin Agege da wake ko indomi da ƙwai uku wurin mai shayi, shayin ma rabinsa madarar gwangwani ce da suga, ka zauna a danfo awa biyu, da rana lemon kwalba saboda zafi, ka dawo goma na dare ka dira a kan tuwo malmala uku ka kwanta. Da na lissafa wa Kawu, lemo da maltina kaɗai yana shan uku zuwa huɗu a rana a kasuwa, duk cinikin da aka kulla sai an buɗe kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, kuma robar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason gaba ɗaya. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnati ta sa wa lemo a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba, gsky ko ji ba a yi.

Abin da za ka samu in ka dage: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, ga Kawu kilo 6 zuwa 11 kenan. Ba zai mayar da shi saurayi ba amma gwiwa da suga da hawan jini za su ji sauƙi. Raunin hanyar shi ne jiki yana faɗa da kai, yunwa na ƙaruwa in ka rame, shi yasa da yawa suke dawowa inda suka taso bayan shekara biyu uku. Dubi azumi ma, mutum ya sauke kilo uku a Ramadan, kafin babbar sallah sun dawo da ƙannensu.

Shayi da kofi da garin "flat tummy"

Wannan ba zan ɓata lokaci a kai ba. Yawancinsu ganyen sa zawo ne irin filasko ko abin sa fitsari, sikeli zai sauka kilo biyu a sati amma ruwa ne ya fita, kitse na nan zaune. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kayan da sibutramin a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ya sha wannan a zatonsa ganye ne. Lambar NAFDAC a jikin kwali, in ma ta gaske ce, ba shaida bace cewa abin yana rage ƙiba. Abin dariya abin tausayi, sau da yawa mai sayar da shayin rage tumbi ita ce dai ke sayar da "sha ka fashe" na ƙara ƙiba ga amare, wanda akan samu deksametason ɗin nan a ciki, shi kuma shan sa barkatai suga da hawan jini yake jawowa. Sayen shayin nan kamar sayen fili ne hannun omo onile, ka biya ka dawo gobe ka tarar ba naka bane.

Ƙwayoyin asibiti: olistat da metfomin

Olistat yana hana hanji tsotse kusan kashi 30 cikin 100 na man da ka ci, man sai ya fita ta bayan gida. A shekara yana ƙara maka ragin kamar kilo 3 a kan abin da gyara ci zai baka. Amma ka ci suya da ƙuli da mai ko miyar manja ka shiga BRT daga Abule Egba zuwa Oshodi, zaka gane kurenka, domin man yakan zubo ba sallama. Yana kuma rage shigar bitamin A, D, E da K. Metfomin maganin suga ne, tsoho, mai arha, akwai shi a kowane kemis na kirki. A wancan gwajin na Amurka ya rage kamuwa da suga da kashi 31 cikin 100, nauyi kuma kamar kilo 2 kawai. Wato in sugan ka ya fara hawa yana da amfani sosai, amma kar ka saye shi da niyyar tumbi ya tafi.

Allurar sati-sati

Nan ne hankalin kowa yake, don haka bari na daɗe. Iri biyu ne suka fi suna. Semaglutayid na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, shi ne Ozempic da aka amince da shi a Amurka a 2017 don ciwon suga, da Wegovy da aka amince da shi a 2021 don ƙiba, magani ɗaya ne awo ne ya bambanta. Sai tazefatayid na Eli Lilly na Amurka, wato Mounjaro na 2022, da Zepbound na 2023. Suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke saki bayan ka ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ciki kuma ya rage saurin sauke abinci. Mutum sai ya ci rabin malmala ya ture kwano.

Kuma suna aiki, wannan ba talla bane. Gwajin STEP 1 da aka buga a 2021, mutum 1,961, sati 68: masu semaglutayid sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kashi 2.4. Gwajin SURMOUNT-1 na 2022, mutum 2,539, sati 72: babban awon tazefatayid ya kai kusan kashi 21. A jikin Kawu kilo 17 kenan da na farko, kilo 23 da na biyu. Wani gwajin kuma mai suna SELECT a 2023, kan mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya, ya nuna ragin kashi 20 cikin 100 na bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu.

Da na kai nan Kawu yace "toh ai magana ta ƙare ɗana, a sayo". Nace Kawu tsaya ka ji ƙarshen. An bi wasu daga cikin mutanen STEP 1 bayan an daina musu allurar, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Allurar nan gidan haya ce. Muddin kana biya kana ciki, ranar da ka kasa lanlod zai fito maka da kaya. Kuma hayar ba ta Agege bace, ta Ikoyi ce. A Amurka farashin Wegovy na wata ya fara ne a sama da dala 1,300, a nan kuma alƙalami ɗaya na asali ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashin Legas na naira 85,000 da aka sanar a 2024 nesa ba kusa ba, kuma da dala yake tafiya, naira ta faɗi ya tashi. Don haka kar ka tambayi kanka ko zaka iya sayen ɗaya, ka ninka kuɗin sau 12 ka gani, sannan ka sake tambaya ko zaka iya shekara ta biyu. Abin da ke ɗan sanyaya rai shi ne a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka waɗannan magunguna a jerin magunguna masu muhimmanci don wasu masu ciwon suga, kuma haƙƙin mallakar semaglutayid yana ƙarewa a 2026 a ƙasashe irin Indiya da Sin da Brazil, abin da ke buɗe wa wasu kamfanoni ƙofar yin nasu mai sauƙi.

Sai maganar wuta. Kafin a buɗe, alƙalamin firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Bayan an fara amfani da shi zai iya zama a waje na 'yan makonni amma kada zafi ya wuce digiri 30, ɗakin Legas a watan Maris kuwa in ba wuta ba fanka kun san labarin. Wanda aka ɗauko a akwati daga waje, ya kwana a kago, ya yi awa uku a but ɗin mota a gosulon Ikeja, ko na asali ne ba ka da tabbas a kansa. Ga jabu. A watan Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Brazil da Birtaniya da Amurka, a Ostiriya kuma a 2023 sai da aka kwantar da mutane a asibiti sugansu ya faɗi warwas bayan sun yi amfani da na jabu da ake zargin insulin aka ɗura a ciki. In Ingila ta sha jabu, me kake tsammani daga mai sayarwa a Instagram da ba shi da ko shago?

Illolinsa: tashin zuciya, amai, zawo ko taurin bayan gida, musamman a farko, shi yasa ake farawa da ɗan ƙaramin awo, na semaglutayid miligiram 0.25, ana ƙarawa duk sati huɗu. Akwai tsakuwar matsarmama, akwai kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, wanda ba kasafai ba amma in ya zo ciwon ciki ne mai tsanani na zuwa asibiti a daren. Wanda a danginsu akwai wani nau'in kansar tayirod ta wuya ba a ba shi. Mai ciki ba ta yi, mai neman haihuwa ta daina semaglutayid wata biyu kafin, tazefatayid kuma yana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa ta sha, wannan mata su riƙe. Tsoka ma tana zubewa tare da kitse in ba a cin nama da wake da ƙwai ana motsa jiki.

Tiyatar rage ciki

In allura haya ce, wannan sayen gida ne: kuɗi mai yawa lokaci ɗaya, kuma ba a fasawa. Wadda aka fi yi yanzu ita ce a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin abinci a bar shi kamar ayaba. Ragin yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyi, kuma shi ne ya fi daɗewa. Wani dogon bincike a Suwidin da aka fara a 1987 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata mutuwarsu ta ragu da kashi 29 cikin 100 idan aka kwatanta da masu ƙiba irin tasu da ba a yi wa ba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ma'auni 40, ko 35 in akwai suga ko hawan jini, a 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Ana yi a wasu asibitocin kuɗi a Legas, miliyoyi ne, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya. A hannun ƙwararru mutuwa ba ta kai mutum ɗaya cikin 200 ba, amma ɗinki na iya yoyo, jini na iya daskarewa a jijiya, ƙwannafi na iya zama abokin zama, kuma bitamin B12 da sinadarin ƙarfe har ƙarshen rayuwa. Abin da ke bani tsoro da zuwa waje shi ne wa zai duba ka in matsala ta taso sati uku bayan ka sauka a Murtala Muhammed. Ka tambayi likitan guda nawa yake yi a shekara, in ya fara kame-kame ka ɗau hularka.

| Hanya | Ragi | In ka daina | Kuɗi | Wahala a Legas | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara ci da tafiya | kashi 5 zuwa 10 | yakan dawo a hankali | kusan kyauta | lokaci da haƙuri | kaɗan ƙwarai |
| Shayin tumbi | ruwa ne kawai | ya dawo a kwanaki | kaɗan-kaɗan amma asara | ba wuya | zawo, ƙoda, ɓoyayyen magani |
| Olistat | ƙarin kamar kilo 3 | yakan dawo | matsakaici | bayan gida mai mai | kaɗan |
| Metfomin | kamar kilo 2 | amfanin na raguwa | arha | ba wuya | ɓacin ciki |
| Allurar sati | kashi 15 zuwa 21 | kashi 2 cikin 3 ya dawo a shekara | mai tsada duk wata | firji, jabu | amai, matsarmama, fankiriyas |
| Tiyata | kashi 25 zuwa 30 | ba a fasawa | miliyoyi lokaci ɗaya | neman ƙwararre da bibiya | na tiyata, ƙarancin bitamin |

Toh wa ya dace da wanne

In ma'auninka tsakanin 25 da 30 ne kuma ba suga ba hawan jini, bar allura, kuɗinka ya huta. Cire lemo, rage malmala, sauka daga mota tasha ɗaya kafin taka. Amaryar da ke son sauke kilo biyar kafin biki ma a wannan layin take, allurar ba don ita aka yi ba, balle tana shirin ɗaukar ciki.

In sugan ka ya fara hawa kuma aljihu ba nauyi, gyara ci da tafiya, sannan ka tambayi likita maganar metfomin. Asibitin gwamnati ya ishe ka wannan, LUTH na nan Idi-Araba, LASUTH na Ikeja, ga janar-janar na unguwanni.

In ka haura 30, ko kana da suga ko ciwon zuciya tare da ƙiba, kuma ka lissafa kuɗin shekara biyu ka ga ba zai taɓa jarinka ko kuɗin makarantar yara ba, allura ta dace da kai, amma da takardar likita, daga babban kemis mai rajista mai janareto, ka ga an ciro ta daga firji da idonka. In kuɗin wata uku kawai gare ka, wlh gara kar ka fara.

In ka kai 40, ko 35 da suga da gwiwa da minsharin da numfashi ke tsayawa cikin barci, ka gwada sauran sun ƙi, ka zauna da likitan tiyata. A lissafin shekara biyar tana iya fin allura sauƙi ma.

Shayi kuwa ba shi da mai shi.

Kawu dai a lissafi ya shiga layin allura har ma da na tiyata, amma tiyata yace ko a mafarki, shi da yake ganin wuƙa kullum a Abbatuwa. Mun tsaya a kan zai je a yi masa gwajin jini mai nuna sugansa na wata uku, a auna ƙoda da hawan jini tukunna, ya kai wa likita hoton alƙalamin nan ya ji ta bakinsa. Kafin nan ya koma ruwan leda a wurin ciniki, mai shayinsa an ja masa kunne kan madara, kuma bayan asuba yana zagaya filin wasa na Agege da carbinsa a hannu. Jiya ya kira ni yana faɗa wai abokan cinikinsa sun fara tambaya ko karayar arziki ce ta sa ya daina buɗe musu maltina.